Akwatin Iya da Haƙƙin da Muka Kusa Ci

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Kun san ni ba malami ba ne. Aikina a masallacin nan rubuta gudummawa ne, da lissafin kuɗin wuta da man janareta, da buga wannan takarda duk Juma'a. Amma wannan makon Malam Liman ya ce nasihar ni zan rubuta, saboda wani abu da ya same ni wanda ya ce bai kamata in riƙe ni kaɗai ba. Duk aya da hadisin da za ku gani a nan sai da na karanta masa ya gyara. Abin da ya yi daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne.

Da yawanku kun san kakata, wadda duk layinmu ke kira Iya. Wanda ya tashi a nan Sabo bai sha kokonta ba, to ba ya fita da sassafe. Allah ya karɓi abinsa a watan Sha'aban na bara. Ita ta riƙe ni tun ina shekara bakwai da mahaifina ya rasu, a ɗakinta na girma, ita ta kai ni makarantar allo, da kuɗin ƙosai ta biya mini kuɗin sakandare. Saboda haka da aka share makoki, na shiga ɗakin na jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonta na kai ɗakina. Ban tambayi kowa ba. A raina cewa nake, wa ya fi ni cancanta?

Ba wani abin kuɗi a ciki. Akwai tasbaharta ta itace wadda 'ya'yanta suka yi sulɓi saboda ja. Akwai zanen saƙi baƙi da ta zo da shi daga Arewa, har yanzu in ka shinshina za ka ji ƙanshin turaren wuta. Akwai tandun kwalli, da munduwa biyu na azurfa, da 'yan kwabbai masu huji a tsakiya. Can ƙasa kuma akwai wasu takardu da rubutun ajami, an naɗe su cikin leda, da wani ƙullin tsumma da ban ma kwance ba a lokacin. Na kan buɗe akwatin da dare in na tuna ta, in ɗauki tasbahar in riƙe, in mayar.

Wata rana bayan azahar muna lissafi da Malam Liman, na ba shi labarin akwatin ina jin daɗi. Sai ya ɗago ya dube ni ya ce, "Sakatare, an raba ne aka ba ka?" Na ce, "Allah gafarta Malam, ai tarkace ne, duk ba su kai kuɗin buhun gero ba." Ya ce, "Ko allura ce gado ce. Kuma kai jika ne. Baffanka yana raye, ba ka da ko zare a ciki."

Wallahi maganar ta yi mini zafi. Amma gaskiya ce. Ya tuna mini aya ta 7 a Suratun Nisa'i, inda Allah ya yanka wa maza rabonsu, mata rabonsu, daga abin da iyaye da makusanta suka bari, kaɗan ne ko mai yawa. Allah da kansa ya ambaci kaɗan ɗin, don ya san mu. Gida da fili muna tsoron ci, amma zobe da zane da tukunya sai mu ce ai na tunawa ne. Son da nake wa Iya bai sa kayanta sun zama nawa ba.

Sai Malam ya ce kafin a raba, a fara tabbatar da su wa da wa ne magada. Na ce wannan ai a fili yake: baffana ɗaya, gwaggonnina biyu. Ya ce, "Takardun nan na ajami fa, ka karanta?" Na ce ajamina bai kai nan ba. Ya ce in kai wa Ladan.

Ladan ya sa tabarau ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wasiƙu ne guda shida, hannun mutum biyu daban, da gani wani malamin ƙauye ake sa wa ya rubuta. Gaisuwa ce, da labarin damina, da labarin haihuwa, da godiyar zane da goro da aka aika. Duk daga wani ƙauye suke a ƙasar Bebeji. Kuma duk wasiƙar da ya buɗe, mai aikowa tana kiran kanta 'yar Iya.

Na tafi wurin baffa da takardun. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce haka ne, suna da yaya. Iya ta yi aure a gida kafin kakanmu, ta haifi 'ya mace, auren ya mutu, da aka yaye yarinyar dangin uba suka riƙe ta. Ya ce sau ɗaya ya taɓa ganin ta, ta zo nan shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, wato 1973, yana yaro. Bayan nan wani direban motar goro ne yake kai saƙo yana kawowa. Da direban ya rasu, hanya ta yanke. Na ce, "Baffa, shekara talatin ina ɗakin Iya, ban taɓa jin ta ambaci sunanta ba." Ya ce, "Yaro man kaza. 'Yar fari ce. Ka taɓa jin macen zamaninsu ta kira sunan ɗan fari?"

Nan jikina ya yi sanyi. Sai na tuna sau nawa Iya ke cewa "mutanen gida ko sun samu ruwa bana", ta yi shiru tana kallon ƙofa. Ni na ɗauka ƙauye take nufi gaba ɗaya. Ashe mutum ɗaya take nufi. Alkunya ta hana ta faɗa, mu kuma rashin tambaya ya hana mu sani.

Baffa bai san ko tana raye ba, bai ma riƙe sunan unguwarsu ba. Amma ya ce akwai ƙawar Iya da suka zo jirgi ɗaya, tana hannun ɗanta a Shagamu. Na shirya ranar Lahadi na tafi, na riƙa mata goro da turare. Tsohuwar ta kama hannuna ta yi kuka, sannan ta buɗe mini abin da ban taɓa ji ba. Ta ce su biyu aka kawo su Badun a jirgin ƙasa, amare, shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo, wato 1956. Ta ce Iya tun daga tashar Kano take kuka har suka wuce Zariya, kowa ya ɗauka kukan amarya ne, ita kaɗai ta san kukan 'yar da aka bari ne. Ta gaya mini sunan unguwar, da sunan gidan, da sana'ar gidan. Ta kuma ce in kwance ƙullin nan, don duk sallah Iya sai ta ware wani abu ta ce na waccan ne, in an samu mai tafiya.

Da na dawo na kwance. Takardun naira ashirin ne masu hoton Murtala, irin na takarda na da, kafin a kawo na leda a 2007, an jera su an ninke tare da wasiƙar ƙarshe. Yau ko ruwan leda ba za su saya ba. Mai tafiya bai samu ba har kuɗin suka mutu, har mai su ta bi su.

Bayan babbar sallah baffa ya haɗa mini kuɗin mota. Na bi ta Ilori da Jaba da Mokwa, kwana ɗaya da wuni a hanya, na sauka a Bebeji na hau babur zuwa ƙauyen. Matambayi ba ya ɓata. Mai unguwa ya haɗa ni da yaro ya kai ni har ƙofar gidan. Na same ta da ranta, ta haura saba'in, idonta ya yi rauni, tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa. Da ta yi magana sai da na waiga, don muryar Iya ce sak. Wata huɗu da rasuwar mahaifiyarta, ba wanda ya gaya mata. Ni na kai mata ta'aziyya, ni na kai mata labarin mutuwar, lokaci ɗaya.

Da ta natsu sai ta ce, "Ɗana, ta kan ambace ni?" Na rasa abin faɗa, don ba na son in yi mata ƙarya. Na ce, "Gwaggo, ban taɓa jin sunanki a bakinta ba." Sai ta yi murmushi hawaye na zuba, ta ce, "Ai ba za ta faɗa ba, ni ce ta fari." Na ciro ƙullin na sa mata a hannu, na gaya mata abin da tsohuwar Shagamu ta ce. Ta shafa takardun ta shafa, ta ɗaure su a bakin zanenta kamar kuɗin da za ta kashe gobe.

Jama'a, ku duba abin da muka kusa yi. Iya ta bar injin markaɗe, da awaki uku, da zubin adashi da bai fito ba, da kayan ɗaki, da akwatin nan. Da mun raba yadda muka sani, kashi huɗu za a yi: baffa biyu, gwaggonni ɗaya ɗaya. Amma rabon gaskiya kashi biyar ne, bisa aya ta 11 a Suratun Nisa'i da ta ba namiji rabon mata biyu. Da mun cinye kashi ɗaya cikin biyar na wata baiwar Allah, mu ci mu sha mu yi sallah a kai. Kuma ayoyi na 13 da 14 a surar sun kira wannan rabo iyakokin Allah, suka yi wa mai kiyayewa albishir da Aljanna, mai ƙetarewa kuma da wuta. Rashin sani yana iya zama uzuri ga wanda ya bincika bai gano ba. Mu kuwa takardun suna ƙarƙashin gado, ba mu buɗe ba.

Wannan shi ya sa Malam ya ce in rubuta. Mu nan baƙi ne 'ya'yan baƙi. Tun 1916 aka kafa Sabon nan, bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911 ya mayar da fataucin goro da shanu kan dogo. Wasunmu kakanninsu ne suka zo, wasu kakannin kakanni. Yau akwai yaro a layinmu da za ka tambaye shi garinsu ya ce Kano, ka ce ina a Kano ya tsaya yana kallon ka. Sai ranar da makaranta ko wurin ɗaukar aiki suka nemi takardar shaidar ƙaramar hukuma, sannan uba ya fara kiran waya yana neman wanda ya san wani. Ni da nake rubuta sunayen mamata a masallacin nan, na taɓa tsayawa kan gawar wani ɗan dako da kowa ke kira da sunan wani gari, muka aika garin aka ce ba a san shi ba. Muka yi masa sutura muka binne, har yau 'yan kuɗinsa suna ajiye a asusun masallaci, ba mu san na wa ba ne. Wataƙila wata uwa tana can tana kallon ƙofa.

Addininmu bai bar wannan a matsayin al'ada kawai ba. Tirmizi ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarce mu mu koyi nasabarmu gwargwadon abin da za mu sada zumunci da shi, ya kuma bayyana cewa zumunci yana kawo soyayya cikin dangi, da yalwar dukiya, da albarkar kwana. 'Yan kasuwa, kun ji. Muna neman buɗi ta kowace ƙofa, ga ƙofa an nuna mana. A Suratul Hujurat aya ta 13 kuma Allah ya sanar da mu cewa ya sanya mu dangogi da ƙabilu ne don mu san juna, fifiko kuwa na mai taƙawa ne. Ta yaya za ka sada zumuncin da ba ka san da shi ba? Ta yaya za ka fitar da haƙƙin magajin da ba ka taɓa jin sunansa ba?

Amma a kula, akwai rami a gefen wannan hanya. Wani in ya fara binciken asali, sarauta yake nema ko sharifta. In ya tarar kakansa manomi ne ko maƙeri ko mahauci, ko ya tarar an taɓa bautar da wani a gidansu, sai ya rufe littafin ya ƙirƙiro wani. Muslim ya ruwaito cewa alfahari da asali da sukar nasabar mutane suna cikin al'amuran jahiliyya da suka rage a cikin al'umma. Ya kuma ruwaito cewa wanda aikinsa ya bar shi a baya, nasabarsa ba za ta kai shi gaba ba. Jingina kai ga wanda ba ubanka ba kuwa, kana sane, Buhari da Muslim duk sun kawo gargaɗi mai tsanani a kai. Ni na je na samu dangin Iya masaƙa ne talakawa, ɗakunan ƙasa, kuma wallahi ban taɓa cin tuwon da ya kai nasu daɗi ba. Abin da ka samu ka rubuta shi yadda yake.

Game da kayan da mamaci ya bari, ba laifi ba ne zuciya ta motsa in ka gan su. Abu Dawuda ya ruwaito daga Nana A'isha cewa bayan yaƙin Badar, Nana Zainab 'yar Manzon Allah ta aiko da fansar mijinta Abul As, wanda yake cikin kamammu. Cikin abin da ta aiko akwai sarƙar wuya da mahaifiyarta Nana Khadija ta ba ta lokacin aurenta. Da Annabi ya ga sarƙar, tausayi mai tsanani ya kama shi. Amma ku lura da abin da ya yi. Bai ɗauke ta ba don ta matarsa ce. Sahabbai ya tambaya ko za su yarda su sakar mata mijinta su mayar mata da kayanta, suka yarda. Shugaban halitta ya nemi yardar masu haƙƙi a kan sarƙar Khadija, ni kuwa na ja akwati na kai ɗaki ban ce wa kowa uffan ba.

Kuma tunawarsa da Khadija ba ta tsaya a kallon kaya ba. Buhari da Muslim sun kawo cewa yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayenta da naman, bayan rasuwarta. Sa'adu ɗan Ubada da mahaifiyarsa ta rasu ba ya nan, tambaya ya yi ko sadaka za ta amfane ta, aka ce masa eh, ya ba da gonarsa. Tasbahar Iya ba za ta ƙara mata lada tana kwance a akwati ba. Abin da zai kai gare ta shi ne addu'armu, da sadaka, da biyan bashinta, da riƙe waɗanda take so. Tsohuwar nan ta Shagamu, shekara nawa tana raye ban taɓa zuwa gaishe ta ba sai da buƙata ta kai ni? Wannan ma abin istigfari ne.

To ga abin da nake roƙon kowa ya yi, tun yau, ba sai an share makoki ba.

In kana da tsoho ko tsohuwa a gida, ka zauna da su bayan isha'i ka tambaya, ka ɗauki muryarsu a waya in sun yarda. Kada ka tsaya a ɓangaren uba. Mu maza mun iya jero kakanni maza, amma ka tambayi mutum garin kakarsa ta wajen uwa ka ji shiru, alhali ta nan ne zumunci ya fi yankewa. Ka tambayi aure nawa aka yi, 'ya'ya nawa aka haifa, wa aka bari a gida, wa aka ba wani riƙo, wa aka shayar tare da wa, don shayarwa tana haramta aure kamar yadda jini yake haramtawa. Abin da uwa ba za ta faɗa ba don kunya, ƙawarta za ta faɗa.

Tsofaffi ba sa riƙe shekara da lamba, da abin da ya faru suke riƙewa. In an ce zuwan Sarauniya, 1956 ne. Samun mulkin kai, 1960. Hawan Sarki Ado, 1963. Kisan Sardauna, 1966. Canjin hannun tuƙi, 1972. Canjin kuɗi, 1973. Kisan Murtala, 1976. Da waɗannan za ka iya gane shekarun haihuwa da aure da tasowa.

Duk takardar ajami da ka gani a kayan tsoho, kada ka ƙona, kada ka bar wa ɓera. Ka kawo wa Ladan ko wani dattijo ya karanta. Wata wasiƙa ce, wata shaidar bashi ce, wata ajiyar wani ce da aka ba shi amana. Bashi da wasiyya kuwa su ake fara fitarwa kafin a taɓa gado.

Kwamitin masallaci ya sayi babban littafi. Daga yau bayan sallar Juma'a zan zauna a baranda, kowane magidanci ya zo ya rubuta sunansa, da na mahaifinsa da mahaifiyarsa, da garinsu har unguwa, da lambar mutum ɗaya a gida da za a kira in ta Allah ta kasance. 'Yan ci-rani da masu kwana a shago da gareji, ku muka fi nufi. Iyayenmu mata kuma uwargidan Malam Liman za ta karɓi nasu ranar Asabar a makarantar Islamiyya. Ba a biyan ko sisi, littafin kuma yana ofis a kulle, ba mai gani sai Liman da ni.

An raba gadon Iya a watan Muharram, a zauren baffa, Malam Liman ya yi lissafi, babban ɗan gwaggon Bebeji ya zo ya karɓar mata. Zanen saƙin ya faɗa a kasonta. Da aka gama, Malam ya karanta aya ta 8 a Suratun Nisa'i, wadda ta ce in dangi da marayu da miskinai sun halarci rabo a ba su wani abu a kuma gaya musu magana mai daɗi. Baffa ya dubi 'yan uwansa, suka gyaɗa kai, ya miƙo mini tasbahar. Da ita nake lazimi yanzu. Kowace Juma'a kuma in an sauko, ina kiran Bebeji, jikarta ta kai mata wayar.

Allah ya jiƙan Iya, ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu da suka kwanta a nan kurmi nesa da gida, da waɗanda suka kwanta a gida ba mu samu zuwa ba. Allah ya yafe mana haƙƙin da muka ci da sani da wanda muka ci ba da sani ba, ya ba mu ikon mayarwa tun muna da rai. Allah ya sada mu da danginmu, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya sa albarka a kasuwanninmu, ya sa mu cika da imani. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Sakataren Masallaci, Sabo, Ibadan